IDO BA MUDU BA NE, AMMA YA SAN ƘIMA

Yau maganarmu a kan wani baƙo ce wanda ya shigo gari ta cikin wayar hannu, ya sauka wurin samarinmu da 'yammatanmu tun iyaye ba su ji sallamarsa ba.

Ga yadda abin ya kan faru. A ce ga wani saurayi ɗan shekara 17, yana karatu a lakwal, ran kasuwa kuwa yana taya babansa a rumfa. Shi dai mai shiru ne, ba ya son hayaniya, abokansa ba su da yawa. Da dare ya kwanta da waya a hannu, sai ya ga wata Baturiya a TikTok tana cewa, in taro yana gajiyar da kai, in ba ka son duban mutum cikin ido, in ƙara tana damunka, to kana da otizim. Ya lissafa, ya ga duka ukun nasa ne. Ya nemi wani gwaji mai tambayoyi, ya amsa, maki ya fito da yawa. Da gari ya waye ya ce wa babansa, "Baba, na gano abin da ke damuna. Ina da galahanga." Baban ya dube shi, ya ce, "Tashi ka ɗauko mini buhun can. Lalaci ke damunka, ba wata cutar Turawa."

To, wa ke da gaskiya, ɗan ko uban? Ku saurara har ƙarshe, za ku ga kowannensu ya riƙe rabin magana, kowannensu kuma ya yi garaje. Gama Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Yaron ya manta da farkon karin maganan, uban ya manta da ƙarshensa.

MENE NE GALAHANGA?

Abin da Turawa ke kira otizim, gidajen rediyon Hausa suna ce masa galahanga. Ba a ɗaukarsa wurin wani kamar ƙyanda, sauro ba ya kawo shi, abinci ba ya jawo shi. Wani irin tsari ne na ƙwaƙwalwa wanda a ke haihuwar mutum da shi, ya kuwa zauna da shi har tsufa. Gado yana da babban rabo a ciki. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 5, aka buga a 2019, ya ƙiyasta rabon gado da wajen kashi 80 cikin 100. An fi samunsa ga yara maza, wajen maza 3 ko 4 ga mace 1.

A 1943 wani likitan yara a birnin Baltimo na Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11 da aka kawo masa. Yaran nan ba su kula da mutane, kamar suna zaune su kaɗai ko a cikin taro, in kuwa aka sake musu wani abu da suka saba sai su firgita. A 1944 wani likita a Biyana, Hans Asperger, ya rubuta labarin waɗansu yara masu kama da waɗannan, amma su suna magana sosai, waɗansunsu ma da kaifin ilimi.

Yau in likita zai ce mutum yana da galahanga, ba ya gwada jini, ba ya ɗaukar hoton kai, gama abin ba ya fitowa a can. Abu huɗu ya ke nema, sai kuwa sun taru duka.

Na fari, wuyar cuɗanya da mutane. Watau yaro ba ya musayar fara'a da uwarsa, ba ya nuna mata abu da yatsa don su gani tare, ba ya gane abin da fuska ke faɗi, bai san yadda a ke shiga wasa da 'yan'uwa ba.

Na biyu, maimaita abu ɗaya da manne wa tsari ɗaya. Yana kaɗa hannu ko jiki ba fasawa, yana jera kwalabe ko duwatsu, yana mayar da maganar da aka yi masa kamar amsa-kuwwa. In aka bi da shi wata hanya dabam zuwa gida sai kuka. Wata ƙara ko wani tufafi da ba ya damun kowa, shi yana ƙona shi kamar wuta.

Na uku, abin ya kasance tun yana ƙarami. Wanda ya yi yarintarsa cikin wasa da dariya, sa'an nan ya shiga shiru yana ɗan shekara 16, wani abu ne dabam ya same shi.

Na huɗu, abin ya kasance yana tare masa hanya, a karatu, ko sana'a, ko zama da mutane. Halin da ba ya hana mutum kome, hali ne kawai, kowa da irin nasa.

Bayan wannan kuma likita zai duba ko akwai wani dalili da ya fi dacewa, kamar kurumta ko wani ciwo.

LISSAFI YA HAU

Yanzu ku ji abin da ya ta da gardama a ƙasashen Turawa. A 1966 wani masani mai suna Victor Lotter ya ƙidaya yara a gundumar Midilses ta Ingila, ya sami masu galahanga 4 ko 5 cikin yara 10,000. A shekara ta 2000 hukumar lura da cututtuka ta Amurka ta sami yaro 1 cikin 150. A lissafin 2020 ta sami 1 cikin 36. A lissafin 2022, wanda aka fitar a 2025, ta sami 1 cikin 31, watau fiye da 300 ke nan cikin 10,000. A Birtaniya kuma, tsakanin 1998 da 2018, yawan waɗanda a ke rubuta wa wannan suna ya ninka kusan sau 9.

Ɗan kasuwa in ya ji farashi ya tashi haka, ya san da dalili. To, annoba ce ta sauka, ko kuwa wani abu ne?

Ku tambayi Sarkawa masu su a Kwara. In masunci ya jefa taru mai faɗin ido, manyan kifi kaɗai zai fitar, giwan ruwa da manyan tarwaɗa. In gobe ya zo da taru mai ƙananan ido, jirginsa zai cika. Kifin kogi bai ƙaru cikin dare ɗaya ba, taru ne aka sake. Yawancin hawan lissafin nan haka ya ke.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suna da wani babban littafi da su ke bi wajen sa wa ciwo suna, ana kiransa DSM. A bugun 1980 tarun yana da faɗin ido, sai yaron da abin ya kama ƙwarai, ya kuma bayyana kafin ya kai wata 30. Ana nan wata likita a Landan, Lorna Wing, wadda ita kanta tana da 'ya mai galahanga, ta nuna abin hawa-hawa ne, daga mai tsanani har mai sauƙi. A 1981 ta fito da aikin Asperger fili. A bugun 1994 aka shigar da ciwon Asperger cikin littafin. A bugun 2013 aka haɗa su duka ƙarƙashin suna ɗaya, aka kasa su mataki uku bisa ga yawan taimakon da mutum ke bukata. Saboda haka yau suna ɗaya ya rufe yaron da ba ya magana ko kaɗan, sai an yi masa wanka an ba shi abinci, da kuma malamin jami'a mai mata da 'ya'ya.

An gwada wannan da lissafi. A Denmak an bi yaran da aka haifa daga 1980 zuwa 1991, aka ga kashi 60 cikin 100 na hawan ya zo daga sake ƙa'ida da sake yadda a ke rubutawa. A Suwidin an tambayi iyayen tagwayen da aka haifa daga 1993 zuwa 2002, aka ga alamun ba su ƙaru cikin yara ba, amma masu takardar likita suna ta ƙaruwa. Akwai waɗansu dalilai ƙanana da su ke ƙara shi da gaske, kamar haihuwa bayan iyaye sun manyanta, da rayuwar bakwaini waɗanda dā ba su kan rayu ba.

MASU SHAKKA DA MASU AMSA MUSU

Masu shakka ba jahilai ba ne. Allen Frances, likitan da ya shugabanci bugun 1994, shi da kansa ya fito daga baya ya ce ƙofar da suka buɗe ta yi faɗi fiye da yadda suka nufa. A 2025 wata likitar jijiya da ƙwaƙwalwa a Landan, Suzanne O'Sullivan, ta fitar da littafi tana gargaɗi cewa ana mai da halin 'yan Adam na kullum ya zama ciwo. Tsoronsu iri biyu ne. Na ɗaya, saurayin da aka ce masa yana da abin da ba ya warkewa, ya kan daina ƙoƙari a inda dā zai iya. Na biyu, in layi ya yi tsawo, wanda ya fi bukata ya kan rasa wuri. A Ingila a 2024 mutum fiye da 200,000 suna jiran a duba su. Binciken Amurka kuwa ya nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na yaran nan su ne masu tsanani, waɗanda ba za su iya zama su kaɗai ba. Iyayen waɗannan suna kuka cewa muryar masu sauƙi ta rufe ta 'ya'yansu.

Masu amsa musu su ma suna da hujja. Sun ce dā ɗin da a ke yabo, lokaci ne da a ke kulle irin yaran nan a gidan mahaukata, ko a ce musu wawaye. Sun ce 'yammata da yawa an tsallake su, gama mace ta kan koyi ɓoye wahalarta, ta kwaikwayi ƙawayenta, ta dawo gida a gajiye liƙis. Akwai dattijai da suka sha wuya shekara 40 ko 50 ba su san dalili ba, sai da aka duba jikansu sa'an nan suka gane kansu. Sun ce kuma, in mutum zai jira shekara biyu kafin ya ga likita, ko kuɗin ya fi ƙarfinsa, yaya za a zarge shi don ya nemi bayani da kansa?

Lalle dukansu biyu suna faɗin abin da ya ke akwai. A gari ɗaya ana iya sa wa wani sunan da ba nasa ba, a kuma hana wani sunan da ya ke nasa.

DON ME MUTUM BA YA IYA AUNA KANSA?

Mu komo wurin saurayinmu na rumfa. Dalilai huɗu ne suka sa abin da ya gani a waya ba ya isa hukunci.

Na fari, kayan da a ke tallatawa a can gauraye ne. A 2023 waɗansu masana a jami'ar Drexel ta Amurka suka ɗauki hotunan TikTok 133 da aka fi kallo a kan galahanga, suka tankaɗe su. Kashi 27 cikin 100 kaɗai suka zama daidai. Kashi 41 kuskure ne, kashi 32 kuwa sun ɗauki halin mutum ɗaya sun shafa wa kowa. Wa zai sayi buhun shinkafa in ya san kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai shinkafa, saura tsakuwa da ƙaiƙayi? Wayar kuma tana da wani hali. In ka tsaya ka kalli hoto ɗaya har ƙarshe, za ta kawo maka goma irinsa, har ka ga kamar duniya duka magana ɗaya ta ke yi. Mai hoton kuwa da yawan masu kallo ya ke cin abinci.

Na biyu, gwajin tambayoyi rariya ce ta fari kawai. Wanda aka fi sani, mai tambaya 50, an shirya shi a Kambirij ta Ingila a 2001, waɗanda suka yi shi kuwa sun faɗi a fili cewa ba ya yanke hukunci. Mai baƙin ciki da mai tsoron mutane su ma su kan sami maki da yawa. Ga shi kuma a kan zaman Turawa aka auna shi. A ciki ana tambayar mutum ko ya fi son ɗakin karatu da gidan biki. Yaron da ya girma tsakanin tashar mota da bakin kogi, wace amsa zai ba da?

Na uku, tarbiyyarmu dabam ta ke. A Turai yaron da ba ya duban babba cikin ido, a kan ce da abin dubawa. A nan kuwa yaron da ya kafa wa babansa ido, shi ne mara kunya. Bahaushe da Bazabarme da Badende duk sun hori 'ya'yansu su sunkuyar da kai gaban manya, Fulani ma sun fi kowa riƙon wannan. Amarya ba ta magana gaban surukai, ɗan fari ba ya sakewa da uwarsa gaban mutane. In aka auna mu da mudun can ba a lura ba, rabin garin nan zai fito da galahanga. Batun ƙara kuwa, wa ke jin daɗin kasuwar Malanville da tsakar rana, ga manyan motoci, ga 'yan kabukabu, ga zafi? Likita ba ya tsayawa kan ko yaro yana duban liman ko malamin lakwal. Yana tambaya ko yana duban uwarsa sa'ad da ya ke jariri, ko yana wasa da tsaransa.

Na huɗu, kama da wane ba ta wane. Abubuwa da yawa suna sa saurayi ya janye jiki daga mutane. Akwai baƙin ciki mai nauyi, wanda shi ma ciwo ne, yana kuwa da magani. Akwai tsoron idon jama'a. Akwai firgita bayan hatsari ko duka ko rasuwa. Akwai rashin barci saboda waya. Akwai ƙwayar taramol da waɗansu ke sha don ƙarfin aiki. Akwai raunin ji wanda sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne ya bari. Hatsarin yana nan: wanda ya rataya wa kansa sunan abin da ba ya warkewa, alhali abin da ke damunsa mai warkewa ne, ya rufe wa kansa ƙofar magani. Kuma ku tuna da sharaɗi na uku, watau yarinta. Ba wanda ya san yadda ya ke yana ɗan shekara biyu. Wannan labari yana hannun uwa, da kaka, da yayar da ta goya shi.

NAMU HALIN DABAM NE

Kada wani ya ji wannan ya ce, ashe uban ne da gaskiya, cutar Turawa ce. Ko kaɗan. Lotter ɗin nan da ya yi ƙidaya a Ingila ya zo Afirka, ya zaga ƙasashe 6, har da Nijeriya da Gana, ya duba yara fiye da 1,300 masu raunin ƙwaƙwalwa, ya kuwa sami masu galahanga cikinsu. A 1978 ya buga wannan. Tun daga nan likitocin Afirka da suka rubuta a kan abin suna faɗin magana ɗaya: ana kawo musu yara a makare, da yawansu kuma ba su magana ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 127 a duniya a 2021. Ku auna wannan da yawan jama'ar da ke cika kasuwa ran Asabar.

Ina su ke? Suna nan cikin gidajenmu, da waɗansu sunaye. Ana ce wa wannan shafar aljanu, ana ce wa wancan sammu ne na kishiya. Wani ana kiransa dolo, yara suna jifansa. Wani ana ɗaure shi da turke don kada ya fita. Mafi muni, akwai wanda a ke ce wa ɗan ruwa, a riƙa raɗa wa uwarsa ta kai shi bakin kogi ya koma wurin danginsa. Jama'a, mu da mu ke zaune a bakin ruwa, mu faɗi gaskiya: yaron da aka ajiye a bakin kogi ba ya zama maciji, mutuwa ya ke yi. Ɗan mutum ne, ɗanmu ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Uwa kuma ba ta da laifi. Turawa ma sun yi wannan zalunci, suka yi shekaru suna cewa sanyin zuciyar uwa ke jawo shi, har bincike ya rushe maganar. Jin harsuna da yawa ba ya kawo shi. Yaron da ke jin Dendanci a gida, Hausa a kasuwa, Faransanci a lakwal, ba abin da zai same shi sai riba. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, shi ya ta da wannan ƙura a 1998 da labarin yara 12. A 2010 mujallar da ta buga ta janye shi, aka kuma hana shi aikin likita. A Denmak an bi yara fiye da 650,000, ba a sami wata alaƙa ba. Mun kuwa ga abin da jita-jita ta yi sa'ad da aka tsai da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu har ƙasashe maƙwabta.

Kun ga bambanci ke nan. A can ana gardama ko tarun ya cika ƙananan ido. A nan yawancin wurare ba a jefa tarun ba tukuna. Saurayi mai waya yana iya ɗaukar sunan cikin dare ɗaya, yaron da ba ya magana kuwa, a bayan gidansu, ya shekara goma ba wanda ya duba shi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kai saurayi, ke budurwa. Ba a ce wahalarka ƙarya ce ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma magini ne ya san ko jinka ce ko katanga. Maimakon ka ce "Ina da galahanga," ka ce "Ga abin da ke ba ni wuya." Ka rubuta shi ɗaya-ɗaya, da lokacin da ya soma. Ka je wurin mahaifiyarka ko kakarka, ka ce, "Inna, yaya na ke sa'ad da na ke ƙarami? Yaushe na soma magana? Ina wasa da yara?" Ka ajiye irin hotunan nan wata ɗaya, ka gyara barcinka, ka ga abin da ya rage. In nauyin yana nan, ka nemi likita, ka tafi da wanda ya san yarintarka, ka kuma yarda amsar tana iya zama dabam da wadda ka zata. In kuwa har zuciyarka tana raya maka ka cuci kanka, kada ka kwana da wannan kai kaɗai, ka gaya wa wani babba yau.

Kai uba. Yaron da ya zo ya ce maka wani abu yana damunsa, ya ba ka amana ke nan. In ka kore shi da zagi, zai koma wurin waya, ita kuwa ba ta taɓa ce wa kowa a'a. Ka ce masa, "Zauna, ɗana, gaya mini." Ba dole ka karɓi sunan da ya kawo ba, amma ka karɓi kukan.

Ke uwa mai goyo. Idonki ya san ƙima. In yaro ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira sunansa, in ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, in ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, in ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko kuwa ya soma magana sa'an nan ta ɓace, kada ki tsaya kan cewa babansa ma bai yi magana da wuri ba. Ki kai shi asibitin Malanville, ki roƙa a soma duba kunnensa. In suka ga da abin bi, za su tura ku gaba, ko babban asibitin Parakou, ko Kwatano. Waɗanda ke hayin Nijar suna da Dosso da Yamai. Na Nijeriya suna da asibitin koyarwa na Sakkwato da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, da na Kano. Tafiya ce mai nisa da kuɗi, daga nan zuwa Kwatano ya fi kilomita 700, saboda haka dangi su taimaka kamar yadda su ke taimakawa ran biki.

Ku sani kuma, ba ƙwaya ko jiƙo ko hayaƙi da ke cire galahanga. Duk wanda ya shimfiɗa tabarma a kasuwa ya ce yana da shi, kuɗinku ya ke so. Abin da ke taimako shi ne koyarwa da wuri, da haƙuri: magana gajera, tsari ɗaya kowace rana, nuni da hannu ko hoto in baki ya ƙi, da koya masa wanka da sa riga da wata sana'a daidai ƙarfinsa. In yana da farfaɗiya, gama su kan zo tare, ita tana da magani a asibiti.

Bari in rufe da labarin yaro na fari cikin 11 ɗin nan na Kanner. Sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisifi. Yana ƙarami aka kai shi wani gidan ajiye yara, amma bayan shekara guda iyayensa suka je suka ɗauko abinsu. Likita ya auna shi da kyau, ya faɗi abin da ya gani. Mutanen garin kuwa suka riƙe shi nasu. Ya yi karatu, ya yi aiki a bankin garin shekaru da yawa, ya koyi tuƙin mota, ya zaga ƙasashe. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Awo na gaskiya ya samu, da garin da bai yar da shi ba. Na farin aikin likita ne, na biyun kuwa ba sai an je Kwatano ba, yana hannun kowane gida da kowace rumfa a garin nan.

Ran 2 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 don tunawa da masu galahanga. Amma kada ku jira ta. In akwai irin yaron nan a unguwarku, ku gai da uwarsa gobe da safe, ku hana yara jifansa.

Nan za mu tsaya yau. Wanda ya sami takardan nan, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.